Ƙananan tallafin ofisoshin jakadanci: abin da ke tare Hausawan Legas a bakin ƙofa

Bayan sallar isha'i ne, a wani layi da ke cikin Agege, sakataren kwamitin unguwa ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, duba mana wannan. An ce ofishin jakadanci ne ke ba da kuɗin aikin al'umma, kai kuwa ka san abin da ke damunmu." Na sani ƙwarai. Gidajen layin duk ɗakuna ne a jere suna kallon juna, wani ɗakin iyali ne, wani samari biyar ne 'yan ci-rani, ruwa kuwa sai an saya a hannun 'yan ga-ruwa. Rijiyar burtsatse suke so, da tanki, da banɗaki na jama'a. Sun shekara biyu suna karo-karo, kuɗin na hannun ma'aji, wani dattijo mai sayar da goro wanda ba a taɓa jin ya ci ko sisin wani ba. Na karanta sanarwar tun daga sama har ƙasa. Aikinsu shi ne ainihin irin aikin da aka ƙirƙiro tallafin dominsa, amma a yadda suke a daren nan ko fom ɗin ba za su iya cikewa ba.

Tun daga ranar nake juya maganar a raina, domin abin da ya tare su shi ne yake tare mutanenmu a Idi-Araba da Mile 12 da Obalende da Ijora.

Irin wannan tallafi daban yake da manyan kuɗaɗen agaji da ake ƙullawa tsakanin gwamnati da gwamnati, ko waɗanda ake danƙa wa manyan ƙungiyoyin duniya. Ɗan kuɗi ne da ake ware wa ofishin jakadanci ya bai wa ƙananan ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, hannu da hannu. Amurka ta fara nata, wanda ake kira shirin jakada na taimakon kai da kai, a ƙasar Togo a 1964, daga nan ya bazu a Afirka. A sanarwar da aka riƙa fitarwa a Najeriya a shekarun baya, kuɗin yakan kama daga dala 3,000 zuwa 10,000, kuma a gama aiki cikin wata 12. Japan ta fara nata a 1989, ta daɗe tana tsayar da iyakarsa a yen miliyan 10, kuma ta fi karkata ga abin da ido zai gani: ajujuwa, ɗakin shan magani, ruwan sha. Kanada da Ostireliya da Jamus kowacce da irin nata. Akwai kuma na asusun muhalli na duniya, GEF, wanda hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, take gudanarwa tun 1992, ya daɗe yana kaiwa dala 50,000.

Wani zai tambaya, me suke so da mu? Tambaya ce mai kyau, kuma bai kamata a yi wa mai yin ta kallon wanda kansa bai waye ba. Wanda ya tuna gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 yana da hujjar yin taka-tsantsan. Amsar ita ce, kuɗin harajin mutanensu ne, kuma suna sayen suna da shi. Za a kafa allo da tutarsu, jakada ko wakilinsa zai zo a ɗauki hoto, labari zai fita a jarida. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Abin da ya rage ga mai karɓa shi ne ya karanta yarjejeniyar layi-layi kafin ya sa hannu, ya tabbata babu abin da ya saɓa wa addininsa ko mutuncinsa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ayyukan ruwa da banɗaki da aji, askin yawanci rasit ne da rahoto da hoto.

Matsalar farko ta taswira ce. A idon mai ba da agaji, Bahaushe mabuƙaci yana Arewa, kuɗin Arewa kuwa tun da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari ya fi tafiya Borno da Yobe da Adamawa. Legas kuma ana yi mata kallon jihar masu kuɗi, in ma an tuna da talakanta sai a nufi Makoko, unguwar masunta da ke kan ruwa. Bahaushen Legas sai ya faɗa tsakani: ba a lissafa shi a can, ba a gan shi a nan. Alhali ba baƙon jiya ba ne. Tun 1863 Baturen mulkin mallaka John Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa a Ikko, wato Legas, kuma bayan layin dogo ya isa Kano a 1911 cinikin goro ya cika Zangon Agege da mutanenmu. Akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke musu cibi. Amma mai duba takardun neman tallafi a Abuja ko a Victoria Island ba zai san da su ba sai sun bayyana a gabansa a rubuce.

A nan ne maganar takarda ta shigo, kuma ita ce ta fara kayar da kwamitin da na ambata.

Mutanenmu na da tsari, kada wani ya ce ba su da shi. Akwai Sarkin Hausawa da fadawansa, akwai ƙungiyar mahauta a kwatar Oko-Oba, akwai shugabannin 'yan gwari da 'yan dako a Mile 12, akwai adashin mata. In mutum ya rasu, kafin azahar an haɗa kuɗin likkafani da na mota. Duk wannan a kan amana yake tafiya da sanin juna. Shi kuwa ofishin jakadanci ba ya bai wa mutum kuɗi, ƙungiya yake bai wa, ƙungiyar kuma sai wadda doka ta san da zamanta. Ma'ana, sai an yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Za a zaɓi amintattu, a rubuta kundin tsarin ƙungiya, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan nan sai lambar haraji, sai takardar shaida daga SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda banki yake nema kafin ya buɗe wa ƙungiya asusu da sunanta. In tallafin Amurka ne, akwai ƙarin rajista a shafin SAM.gov don samun lambar shaida. Kyauta ake yin ta, amma tana da ƙa'ida: sunan ƙungiya da adireshinta sai sun zo daidai harafi da harafi a kowace takarda. Adireshin da aka saba faɗa da baki, "bayan masallaci, kusa da mai shayi", ba ya shiga. Dukkan wannan kuma da Turanci ne. Yana cin kuɗi, yana cin watanni, ga shi ƙofar neman tallafin makonni kaɗan take yi a buɗe a shekara. Wanda ya fara neman rajista ranar da ya ga sanarwa, sai dai ya tari baɗi.

Abin da ya fi rajistar wuya shi ne littafin lissafi. Masu tallafi sukan so su ga yadda ƙungiya ta juya kuɗinta a shekara ɗaya ko biyu da suka wuce. Da muka kawo wannan magana, fuskar ma'aji ta canza. Ya ce, "Yanzu ni za a ce in kawo rasit? Shekara 40 ina riƙe wa mutane kuɗi a garin nan." Wuri ya yi tsit. Sakatare ne ya russuna ya ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka. Mu mun san ka. Wanda zai karanta takardar ne bai san ka ba." Sai da aka ɗan jima kafin dattijon ya gyaɗa kai. Ina ganin duk wanda zai taimaki mutanenmu a wannan fage sai ya fahimci wannan wuri. A wurinmu neman rasit daga babba kamar tuhuma ce. Sai an bi a hankali an nuna cewa rubutu kariya ne ga mai amanar kansa, ranar da ya kwanta ciwo ko ya koma gida Katsina, ba wanda zai taɓa sunansa. Alƙur'ani ma ya yi umarni da rubuta bashi a ayar da ta fi kowace tsawo, cikin Suratul Baƙara, don haka ba baƙon abu aka kawo mana ba.

Takarda dai ana iya yin ta in an dage. Fili shi ne babban dutsen.

Duk mai ba da kuɗin gini zai tambaya: ƙasar da za a yi aikin ta wace ce, ina shaida? Yana da gaskiya, ba ya so ya haƙa rijiya yau, gobe mai gida ya zagaye ta da katanga ya fara sayar da ruwan, ko katafila ta zo ta bi ta kai. A Legas wannan tsoro ba na banza ba ne, kowa ya ga yadda aka tashi unguwar masunta ta Otodo Gbame a 2017. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, takardar mallaka daga wurinsa take fitowa, ga kuma gidajen asali masu ƙasa, waɗanda Yarbawa ke kira omo onile, da ba a tsallake su. Yawancin mutanenmu 'yan haya ne. Wanda ya saya ma sau da yawa rasit ɗin dangin da suka sayar masa kawai yake riƙe da shi. Kasuwanninmu kuwa a filin gwamnati suke, ana iya ba da wa'adin tashi a kowane lokaci. Al'ummar da ta fi kowa buƙatar famfo sai ta zama ita ce ba ta da taku goma na ƙasa da za ta nuna ta ce nata ne.

Mafita tana nan, amma ta bi ta ƙofar maƙwabci. Masu tallafi sukan karɓi rubutacciyar yardar mai fili, da wasiƙar goyon baya daga ƙaramar hukuma ko daga Baale, mai unguwar Yarbawa. Legas na da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, kuma kusan kowace unguwa tana da ƙungiyar ci gaban al'umma, wadda ake kira CDA, da gwamnatin jiha ta san da ita. Mutanenmu suna biyan kuɗin tsaro da na gyaran kwata ga waɗannan ƙungiyoyi, amma kaɗan ne ke zuwa taronsu, ƙalilan ne ke riƙe da muƙami a ciki. A ganina wannan sakaci ne da muke biyan farashinsa. Na san dalilin ja da bayan. Wanda ya ga rikicin Ketu a 1999, ko na Idi-Araba a 2002, ko na Mile 12 a 2016, ba zai rasa tabo a zuciya ba. Duk da haka, neman tallafi da sunan Hausawa zalla kuskure ne ta fuska biyu. Mai bayarwa yana son aikin da zai amfani duk wanda ke wurin ba tare da duba ƙabila ba, sannan famfon da aka san na Hausawa ne kaɗai shi za a fara fasawa ranar da aka samu saɓani. Wanda matar Bayarabe da matar Bahaushe da ta Ibo ke bin layi ɗaya a gabansa, yana da masu gadi da yawa.

Sai maganar masallaci, wadda take da sarƙaƙiya. Masallaci ne cibiyarmu a Kudu. Shi ke da ɗan fili, shi ke da kwamiti, shi jama'a suka yarda da shi. Amma waɗannan kuɗaɗe ba a yin aikin ibada da su, ko na coci ko na masallaci. Ba za a ba ka ka gina wurin alwala ko ka faɗaɗa sahu ba. Abin da ake iya yi shi ne masallaci ya ba da gefen filinsa a rubuce, a fito da kawunan famfo waje ta bakin titi, kowa ya ɗiba. Wasu na jin wannan kamar ragi ne ga masallaci. Ni ban ga haka ba. Shayar da ruwa sadaka ce mai gudana ko wane ne ya sha. Haka kuma za a tambaya mata nawa ne a kwamiti, tambayar da ke sa wasu dattawa tsuke fuska. Amma wa ke sanin jarka nawa gida ke sha a rana in ba matar gida ba? Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN tun 1985 take aiki da rajista da littafi, ta gudanar da makarantu da asibitoci. Ƙaramin kwamitin da bai da takarda zai iya neman irin waɗannan tsofaffin ƙungiyoyi su tsaya masa, da sharaɗin a rubuta wa ke da alhakin me.

Inda muke da ƙarfi kuwa shi ne gudummawar al'umma. Kusan duk shirye-shiryen nan suna so a ga abin da masu nema suka kawo da kansu, kuɗi ko kayan aiki ko ƙarfin jiki. Wannan ai aikin gayya ne, gadonmu. Kuskuren kawai shi ne ba ma ƙiyasta shi. Samari 20 da za su haƙa ramin masai kwana uku, a rubuta ladan lebura na kwana uku sau 20. Tifar yashi da wani Alhaji ya yi alkawari, a rubuta kuɗinta. In aka tara sai a ga unguwa ta kawo kaso mai tsoka tun kafin baƙo ya sa hannu a aljihu.

Abin da aka fi mantawa shi ne ranar da baƙi suka watse. Tallafin sau ɗaya ne. Ba ya biyan albashi, ba ya sayen man janareta, ba ya gyaran injin tura ruwa in ya ƙone. Duk wanda ya zaga unguwannin ƙasar nan ya ga tankunan da suka bushe, allon mai bayarwa na tsaye a gefe yana tsatsa. Shi ya sa fom ɗin ke tambayar yadda aikin zai riƙe kansa, kuma amsar "Allah zai kawo" ba ta wadatar a wurin. Sola ta rage wahalar mai, amma tana son mai gadi da mai goge ta. Ruwan ƙasa a Legas ma sai an gwada shi, domin a wuraren da ke kusa da teku yana zuwa da gishiri, a cunkoson gidaje kuma masai na iya tsiyaya cikinsa. Kwalarar da ta ɓarke a jihar a watan Yunin 2024 ta isa tunatarwa. Akwai kuma wani abu da ba na jin ana faɗa: 'yan ga-ruwan da ke tura kura a layin namu ne, da wannan sana'a suke aika wa iyayensu kuɗi a Sakkwato da Zamfara da Nijar. Ruwan kyauta zalla zai kashe musu kasuwa, kuma zai bar rijiyar ba kuɗin gyara. Abin da ya fi shi ne a sa ɗan farashi mai sauƙi, su ma su riƙa sara a nan kusa maimakon tafiya mai nisa, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya, a liƙa lissafin wata a jikin bango kowa ya gani.

Canjin kuɗi ma yana ruɗar mutane. Kafin Yunin 2023 dala 10,000 a farashin gwamnati ba ta kai naira miliyan 5 ba. Bayan an saki naira, a 2024 ta haura miliyan 15. Sai a ji kamar an samu dukiya, a manta cewa buhun siminti ma ya haura naira 10,000 a farkon shekarar, kuma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamba. Tsakanin ranar miƙa takarda da ranar shigowar kuɗi ana iya yin wata shida ko fiye, kuma ba a ƙara ko kwabo a kan abin da aka amince. Gara a nemi ƙaramin aiki da za a gama da a ɗauko babba a bar shi a linta.

'Yan damfara kuma sun gano yunwar. Saƙonni na yawo a WhatsApp cewa an kawo tallafin ƙasashen waje, a biya kuɗin fom, a turo lambar BVN. Ofishin jakadanci ba ya karɓar ko naira ɗaya don neman tallafi, ba ya da dillali, kuma a shafinsa na intanet yake sanarwa. Duk wanda ya ce yana da hanya a ciki in an ba shi kaso, a rufe masa ƙofa.

Dole kuma a faɗi gaskiyar lokacin da muke ciki. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar dakatar da agajin waje na kwana 90, a watan Maris aka sanar da soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen hukumar agajin Amurka, USAID, zuwa 1 ga Yuli hukumar ta daina aiki, abin da ya rage ya koma ma'aikatar harkokin waje. Birtaniya ta ce za ta rage agajinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa nan da 2027. Manyan ƙungiyoyin da suka rasa kuɗi, masu ma'aikatan da sana'arsu ke nan rubuta takardar neman tallafi, yanzu sun sauko suna neman ƙananan da da ba sa kallo. Kwamitin unguwa da su zai yi takara. Saboda haka ban ce wa mutanen Agege su zauna jiran jakada ba. Na ce musu rajistar da asusun da littafin da takardar filin su ne dai abin da gidauniyar banki za ta nema, da kamfanin da ke son yi wa unguwa aiki, da cibiyoyin zakka da waƙafi, har da attajirinmu na Mile 12 da yake son ya bayar amma yana tsoron kuɗinsa ya narke. Abin da ke shiga kasuwannin Hausawa a Legas a yini guda ya ninka irin wannan tallafi sau da yawa.

Da na koma layin bayan wata uku, sakatare ya sayo babban littafi mai bango baƙi, ya kwafe karo-karon shekara biyu daga ƙananan takardun da ma'aji ya adana a cikin gwangwanin madara. Bai ɓace ko naira ɗaya ba. Sun sa mata biyu cikin amintattu, ɗaya malamar Islamiyya, ɗaya mai sayar da abinci a bakin tasha. Sun je taron CDA sau biyu, shugaban ya yi alkawarin wasiƙa. Filin da suke so kuwa wani lungu ne a gefen wani tsohon gida da magada huɗu suka gada. Uku sun sa hannu. Na huɗun yana Ibadan, ya ce sai ya zo ya gani da idonsa, kuma ma'aji ya ce shi da kansa zai tare shi a tasha ranar Asabar.